Kafin a Tambayi Farashin Allon LED, a Auna Zaure

Duk mai babban ɗakin taro a yau, na biki ne ko na lacca ko na wasa, ya san cewa bayan kuɗin haya da yawan kujeru, abin da masu taro ke tambaya shi ne, "Akwai allo?" Allon LED suke nufi, wanda ke fitar da haskensa da kansa ya cika bangon bayan dandamali, ba majigin da ake haska wa farin ƙyalle ba. Idan mai zaure ya nemi dillali, a Abuja yake ko a Legas ko a can Shenzhen inda akasarin waɗannan alluna ke fitowa, kusan kullum da lamba ɗaya ake buɗe ciniki: P nawa kake so, P3.9 ko P2.6 ko P1.9? Sai a fahimtar da shi cewa ƙanƙantar lambar ita ce daraja, shi kuma da ba ya son a raina shi sai ya miƙa hannu iya inda aljihunsa ya kai. A ganina a baibai ake fara wannan ciniki. Nisan kujerar gaba da nisan kujerar baya sun riga sun yanke hukunci kan girman allon da laushinsa, kuma kuɗin da ake zubawa wajen sayen laushin da ido ba zai gani ba, shi ne kuɗin da ake rasawa a wuraren da allo ke ba mai shi kunya ranar taro.

Lambar nan da ke bin harafin P tazara ce, a milimita, daga tsakiyar ɗigon haske ɗaya zuwa tsakiyar maƙwabcinsa. Kowane ɗigo yana ɗauke da ƙwayoyin haske uku, ja da kore da shuɗi, kuma haɗuwarsu ce ke ba da kowane launi. Allunan dandamali galibi ana haɗa su ne da fallaye masu faɗin rabin mita da tsawon rabin mita, waɗanda masu sana'ar ke kira fanel. Falle ɗaya na P3.9 yana da ɗigo 128 a kwance da 128 a tsaye, na P2.6 yana da 192, na P1.9 kuwa 256. Abin da dillali ba ya yawan faɗa shi ne idan aka rage tazarar da rabi, yawan ɗige-ɗigen ninki huɗu yake yi. Murabba'in mita ɗaya na P3.9 ɗigo 65,536 ne, na P1.9 kuwa 262,144. Kowane ɗigo kuɗi ne, kuma kowane ɗigo wuri ne da zai iya mutuwa.

To me ido ke iya gani? Mai lafiyar ido yana rarrabe ɗigo biyu ne muddin tazararsu ba ta gaza kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya a ganinsa ba. Idan aka juya wannan zuwa lissafin zaure, sai a ninka lambar P da kusan uku da rabi, a samu nisan da ɗige-ɗigen ke ɓacewa gaba ɗaya, a mita. Na P3.9 yana narkewa ya zama hoto sumul a wajen mita 13, na P2.6 a wajen mita 9, na P1.9 kafin mita 7. Akwai kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke amfani da ita a kullum, cewa kada a zaunar da kowa kusa da allo fiye da lambar P ɗinsa a mita, wato P3.9 yana kallo daga mita huɗu. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu hoto yana da kyau, sai dai mai ƙura ido zai iya hango saƙar ɗigon, musamman a gefen ƙananan haruffa.

Mu ɗauki zaure mai zurfin mita 30 daga bangon dandamali zuwa kujerar ƙarshe, wanda layin gaba ke zaune mita 6 daga allo, domin dandamali da filin gabansa sun cinye wannan. Tambayar farko ta mutumin baya ce. Tsohuwar ƙa'idar masu girka kayan taro ta ce idan rubutu za a karanta, kada nisan mai kallo na ƙarshe ya wuce tsayin hoton sau shida, idan kuwa kallon bidiyo ne kawai ana iya kaiwa sau takwas. Zaurenmu ke nan yana buƙatar allo mai tsayi tsakanin mita 3.75 da mita 5. Idan aka tsayar da mita 4.5, aka bi fasalin 16 da 9 da kusan duk kyamara da kwamfuta ke fitarwa, faɗinsa mita 8 ne: fallaye 16 a kwance, 9 a tsaye, jimilla 144, murabba'in mita 36. A P3.9 wannan allo zai ba da ɗigo 2,048 a kwance da 1,152 a tsaye. Ya riga ya zarce 1,920 da 1,080, wanda shi ne abin da kyamarar mai ɗaukar biki da kwamfutar mai lacca ke turowa a mafi yawan taruka. A P2.6 zai zama ɗigo sama da miliyan 5.3, a P1.9 sama da miliyan 9.4, kuma idan hoton da ke shigowa ɗigo miliyan biyu ne da ɗoriya, sauran duk miƙe shi kawai na'ura za ta yi ta cike gurbi. Sannan wa zai ga bambancin? Tsakanin P3.9 da P2.6, waɗanda ke zaune daga mita 6 zuwa 13 ne kawai, ƙasa da sulusin zurfin kujerun. Tsakanin P2.6 da P1.9, layuka uku na gaba ne, su ma sai sun sa ido.

Wanda ke ganin wannan lissafin talaka ne ya duba zauren Sphere na Las Vegas a Amurka, wanda aka buɗe a watan Satumba na 2023 da wasan ƙungiyar U2, bayan ya lashe dala biliyan 2.3. Allon cikinsa ya kai kimanin murabba'in mita 15,000, da ɗigo wajen 16,000 a kwance da wajen 16,000 a tsaye. Raba wannan da wancan, za ka tarar tazarar ɗigonsa ta haura milimita bakwai, lambar da dillali zai ce maka ta allon talla ce na bakin titi. Masu ginin ba kuɗi suka rasa ba. Sun auna nisan kujerunsu ne daga allon, suka tsaya a inda ido ya tsaya.

Akwai mai cewa duk wannan lissafin idon ɗan adam ne, alhali taron yau rabinsa ta kyamara ake kallonsa: ana watsa shi kai tsaye a Facebook da YouTube, amarya da ango kuma suna tsaye taku biyu daga allo ana ɗaukarsu hoto. Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ta masu neman allo mai laushi. Kyamara tana da nata jerin ɗige-ɗigen a ciki, idan suka haɗu da jerin na allo sai wasu zane-zane masu kaɗawa su bayyana a hoto, irin waɗanda ake gani idan aka ɗora gidan sauro kan wani gidan sauro. Ƙaramar tazara tana rage wannan, gaskiya ne, amma ba ta kawar da shi, kuma maganinsa na asali a hannun mai kyamara yake: a matso da mutum gaba ya bar allon da 'yan mitoci, a sa idon kyamara ya kama fuskarsa, allon ya ɗan dusashe a bayansa. Ɗaya matsalar kuwa, wadda ta fi muni, ƙanƙantar tazara ba ta magance ta. Ƙwayoyin LED ba a kunne suke ɗif ba, ƙiftawa suke yi da saurin da ido ba ya kamawa, layi bayan layi. Allo mai araha yana sabunta haskensa sau 1,920 a sakan ɗaya, wanda ya isa ido amma kyamara kan kama shi da baƙaƙen layuka suna gangarowa. Allon da za a ɗauka a kyamara ya kamata ya kai 3,840, akwai ma masu 7,680. Wannan ya dogara ne kan ƙananan na'urorin da ke tuƙa ƙwayoyin a bayan falle, irin waɗanda Macroblock na Taiwan da Chipone na Sin ke ƙerawa, kowannensu da mai tsada da mai araha. Allon P3.9 mai nagartattun na'urori zai fi P1.9 mai na banza kyau a talabijin nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda damuwarsa kyamara ce ya tambayi sunan na'urar da lambarta a rubuce, ya kuma zo da irin kyamarar da za a riƙa aiki da ita a gwada a gabansa.

Haske ma wuri ne da babbar lamba ke ruɗar mutane. Ana auna shi da nit. Allon waje da zai yi gogayya da rana yana buƙatar nit 5,000 ko fiye, na cikin gida yawanci tsakanin 600 ne da 1,500, hoton silima a ɗaki mai duhu kuwa nit 48 ne kacal. A zauren da aka rage fitilu, allon da aka buɗe wa haske gaba ɗaya yana gajiyar da ido, yana mayar da mai jawabi baƙar inuwa a gaban farin bango. Dole a rage shi, wani lokaci zuwa kashi ashirin ko talatin cikin ɗari, kuma a nan ne ake gane allon kirki. Maras kyau idan aka rage masa haske sai matakan duhunsa su tattare, baƙar riga ta haɗe da duhun baya, fuskar baƙin mutum ta yi dabbare-dabbare ko ta karkata zuwa kore. Ga zauren da kusan duk wanda zai hau dandamalinsa baƙar fata ne, wannan ya fi kowace lamba a takardar dillali muhimmanci. Ɗakunan nuna kaya sun fi son haska furanni da tsuntsaye masu launi a cikakken haske, domin kowane allo yana kyau da su. Mai saye ya tafi da nasa bidiyon, na taron dare, mai fuskoki da baƙaƙen kaya, ya ce a sauke haske ƙasa a kunna.

Daga nan sai abin da ke tsakanin kyamara da allo, wato firosesa, na'urar da ke karɓar hoto ta yanka shi ta raba wa fallaye. NovaStar da Colorlight na Sin su suka fi yawa a kasuwa, Brompton na Ingila kuma a manyan wasanni da ɗakunan shirya fim. Kowace kafa ta kebul da ke fita daga firosesa tana ɗaukar ɗigo kimanin 650,000 a saitin da aka saba. Allonmu na mita 8 a P3.9 kafa huɗu ta ishe shi, a P2.6 sai tara, a P1.9 sai goma sha biyar, wato firosesa mafi girma, kebul mafi yawa, da ƙarin wuraren da abu zai iya kwancewa ana tsakar taro. Kuɗin laushin allo ba ya ƙarewa a kan fallaye. Kuma a tambayi jinkirin da firosesa ke ƙarawa, domin idan hoton bakin mai magana yana zuwa bayan muryarsa, mutanen gaba za su lura nan take.

Wuta ita ce inda lissafin kasuwar Shenzhen ke karo da gaskiyar Kano ko Kaduna ko Yamai. Takardar kowane allo tana ba da lamba biyu, abin da yake ci idan ya yi fari fat a cikakken haske, da abin da yake ci a matsakaicin aiki, wanda galibi kusan sulusin na farko ne. A ce allonmu yana cin wat 600 a kowane murabba'in mita a ƙololuwarsa. Kilowat 21.6 ke nan, matsakaici kuma wajen kilowat 7. Wayoyi da fis da janareta da lambar farko ake auna su, domin farin shafi ɗaya daga kwamfutar mai lacca ya isa ya kai allon kusa da can. Akwai kuma fizgar wuta da ɗimbin akwatunan wutar fallaye ke yi a lokacin kunnawa, wadda kan kashe layi idan aka tayar da su gaba ɗaya, shi ya sa ake kunna allo kashi-kashi. A wurin da ake sauyawa daga wutar Nepa zuwa janareta sau da yawa a yini, kowace sauyawa duka ce ga waɗannan akwatuna. Na'urar daidaita wuta, da mai tare tsawa, da waya mai shiga ƙasa da aka binne yadda ya kamata, da batirin da zai riƙe firosesa na 'yan mintuna, duk cikin kuɗin allo suke ko da dillali bai rubuta su ba. Wutar da allo ya ci kuma kusan duk zafi take komawa. Kilowat 7 ya yi daidai da aikin na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi guda biyu, waɗanda ba za su sanyaya kowa ba sai allon. Idan aka bar shi ya yi zafi, jan ƙwayar ce ke fara rage haske kafin kore da shuɗi, sai launin allon ya sauya yana tsakar aiki. Ƙurar hunturu tana toshe masa hanyar iska, danshin damina kuma yana shiga ƙwayoyin idan an daɗe ba a kunna ba, shi ya sa masu ƙera shi ke cewa a fara da ƙaramin haske na sa'o'i a ƙara a hankali.

Maganar nauyi ba ta son wasa. Fallen rabin mita yana kai kilo bakwai zuwa tara, don haka fallaye 144 sun haura tan ɗaya tun kafin a sa ƙarafunan rataya da kebul. A ranar 28 ga Yuli, 2022, ana tsakiyar wasan ƙungiyar Mirror a zauren Coliseum na Hong Kong, wani allo mai nauyin kusan rabin tan ya tsinke daga sama ya faɗo kan masu rawa, ɗayansu ya samu mummunan rauni a wuya. Binciken hukuma ya gano igiyar ƙarfen da ke riƙe da shi ta gaji, an kuma bayar da nauyin kayan ƙasa da yadda yake. Wannan a garin da ke da dokokin gini masu tsauri ke nan. Yawancin rufin ɗakunan taro an yi shi ne don ya ɗauki kwano da silin da fitilu. Kafin a rataya masa tan guda sai injiniyan gini ya duba ya sa hannu, in kuwa babu tabbas a gina wa allon ƙafafunsa daga ƙasa a ɗaure shi da bango. A tuna kuma allon LED na yau da kullum bango ne da sauti ba ya ratsawa, don haka ba a ɓoye lasifika a bayansa kamar yadda ake yi da ƙyallen silima, kuma allon da na'urorinsa ba su da kyakkyawan rufin kariya yana iya damun makirufo maras waya.

Wani zai ce a sayi mafi laushi yanzu domin gaba, kada allon ya tsufa da wuri. Amma idon ɗan adam ba zai ƙara kaifi nan da shekara goma ba, kujerar gaba ma ba za ta matso ba sai an rushe dandamali. Abin da ke tsufar da allo daban ne. Sa'o'i 100,000 da ake rubutawa, wato sama da shekara goma sha ɗaya a kunne dare da rana, lokacin da hasken ƙwayar zai ragu zuwa rabi ne a gwaji, kuma tun kafin nan akwatin wuta da kati mai karɓar hoto da kebul sun sha mutuwa. Ƙwayoyin LED kuma rukuni-rukuni ake fitar da su daga masana'anta, kowane rukuni da ɗan bambancin launinsa. Farantin ƙwayoyi, wato ƙaramin yanki na falle, da aka sayo bayan shekara biyu don maye wanda ya lalace yakan fito kamar faci a tsakiyar hoto, ko da daga kamfani ɗaya ne. Saboda haka kayan canji tare da allon ake sayensu, daga rukuni ɗaya, a riƙa juya su cikin aiki domin su tsufa tare. A tabbatar ana iya cire faranti ta gaba da maganaɗisu idan allon manne yake da bango. A karɓi kwafin saitin allon a ajiye, domin rasa shi kan mayar da ƙaramin gyara ya zama jiran mako da makonni. Ƙwayoyin allo mai laushi ƙanana ne ƙwarai, gogar kujera ko gwiwar mai rawa tana karkaɗe su daga gefen falle, kuma gyaransu yana son hannu da kayan aikin da ba a kowane gari ake samu ba. Akwai masu rufin roba mai tauri a fuska da ke jure bugu, sai dai su kuma sun fi wuyar gyara a wurin.

Kada a ɗauka wannan kira ne zuwa ga araha, domin araha ba ta ado. Alluna biyu masu lamba P2.6 iri ɗaya suna iya bambanta a farashi sosai, kuma bambancin yana cikin abin da ba a gani: wane kamfani ya yi ƙwayoyin, Nichia ne na Japan ko NationStar ko Kinglight na Sin ko wanda ba shi da suna, da zaren zinariya aka haɗa su a ciki ko da na tagulla, wane irin akwatin wuta aka sa, kuma jikin fallen zubin alminiyan ne da ke haɗuwa daidai ko lanƙwasasshen ƙarfe ne da zai bar tsaga a hoto. Gara a sauko mataki ɗaya a laushi a hau mataki ɗaya a waɗannan. Haka kuma ba kowane zaure ne ya kamata ya saya ba. Wanda ke buƙatar allo sau 'yan kaɗan a shekara haya ta fi masa, domin mai haya yana zuwa da ma'aikacinsa da kayan canjinsa. Ƙaramin ɗakin lacca da ake iya rufe tagoginsa a kashe fitilu, majigi mai kyau ya ishe shi a kan kuɗi kaɗan. LED yana cin kuɗinsa ne a inda fitilu ke kunne, mutane na kai-komo a gaban hoto, taro kuma na bin taro.

Ga zaure irin wanda muka auna, idan biki da wasa da wa'azi ne akasarin aikinsa, inda fuska da bidiyo da manyan haruffa ke kan allo, P3.9 mai sabuntawa sau 3,840 ya wadatar, P2.9 kuma ya ba da sarari ga masu hoto. Idan tarukan ma'aikatu da jami'o'i ne suka fi yawa, masu jadawali da ƙananan lambobi, manyan baƙi kuma na zaune a layin gaba, P2.6 ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Ƙasa da haka na ɗakin da mutane ke zama mita biyu ko uku daga allo ne, kamar ɗakin taron hukumar gudanarwa ko ɗakin watsa labarai na talabijin. Idan kuma rufin zauren bai kai ya ɗauki tsayin mita 4.5 a saman kawunan waɗanda ke kan dandamali ba, sai a rage babban allon a ƙara ƙanana biyu a gefe ko a tsakiyar zaure domin mutanen baya, su kuma ƙananan a auna tazararsu da nisan kujerun da ke kallonsu.